Shekara Bakwai Ba Sa'idu, Tafkinsa Na Janyewa

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Malam Sa'idu makwancinsa, a wata maƙabartar Musulmi da ke hayin New Jersey, cikin sanyin da ya daskarar da ƙasa har sai da aka kawo injin haƙa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a ni kaɗai, in kira iyalinsa mu gaisa, shi ke nan. Bana abin ya ƙi tsayawa a nan. A watan jiya na je bakin tafkin da ya ba wa shekarunsa na ƙarshe, na dawo da wani nauyi a ƙirji wanda ban san inda zan sauke shi ba sai a wannan shafi.

Sa'idu ba malami ba ne duk da muna ce masa Malam, ba kuma mai hali ba ne. Mutumin Gana ne, haihuwar wani ƙauye kusa da Yeji, dogo, siriri, mai maganar da sai ka matso kafin ka ji. Aikinsa kula da tsofaffi a gidajensu: ya yi musu wanka, ya ba su magani, ya dafa musu abin da likita ya yarda su ci. A Highbridge, wata unguwa a Bronx, na same shi lokacin da na iso daga Kano, mu huɗu a ɗaki biyu a hawa na biyar, shi ne babbanmu. Shi ya ba ni rigar sanyi ta farko, shi ya nuna mini jirgin ƙasan da zai kai ni gida da wanda zai ɓatar da ni. Hausarsa ta Zangon Gana ce, wadda ba ta raba mace da namiji. Idan ya ce "matata ya gaishe ka" sai in yi dariya, shi kuma ya ce, "Ɗan Kano, ai ka gane. Sauran duk ado ne." Da wannan sunan ya riƙa kirana har ya bar duniya.

Tafkin da nake magana ba a cikin birni yake ba. Tafiyar sa'a ɗaya ce da ɗoriya a mota idan ka bar Bronx ka nufi arewa. Ba kuma haka Allah ya ajiye shi ba. Mutane ne suka tare wani rafi da bangon dutse tun zamanin da ba wanda ke raye ya gani, don wani gari ya sami ruwan sha. Daga baya garin ya sami ruwa daga wani wuri, aka bar tafkin ga masu fatsa. Kifin da ya sa ake zuwa wurin shi ne wanda ake kira bass a nan, mai koren baya da faffaɗan baki, wanda idan ya haɗiye ƙugiya sai ya yi tsalle sama yana girgiza kai. Sa'idu yana ce masa ƙanin giwan ruwa.

Ni na kai shi wurin ranar farko, don haka ba labari aka ba ni ba. A lokacin yana kula da wani tsoho a unguwar Soundview, Mista Walter, baƙar fata, tsohon ma'aikacin gidan waya wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Tsohon yana da ƙaramin kwalekwale ɗaure da sarƙa a bakin tafkin, ya shekara uku bai gan shi ba, kullum kuma maganarsa ke nan. Sa'idu ya roƙe ni in ba su wata Lahadi, tunda ni ke da tasi. Na yarda ina gunaguni.

Da muka isa, Sa'idu ya goya tsohon a baya ya sauka da shi gangaren, ya zaunar da shi cikin kwalekwalen ya tokare shi da matashi. Sannan ya karɓi itatuwan tuƙin. A nan na ga wani mutum wanda ban taɓa gani ba a shekarun da muka yi muna kwana ɗaki ɗaya. Mutumin da ke raɓewa a jikin bango idan ya ga ɗan sanda, wanda ke cewa "sorry" ko da shi aka taka, sai ga shi ya miƙe a tsakiyar jirgi yana duban ruwa yana cewa kifi na can ƙarƙashin itacen da ya faɗi, ba nan ba. Kuma can ɗin yake. Ya riƙe wa tsohon sandar fatsa da hannu ɗaya, suka ja tare, suka fito da wani ƙato mai tsawon kamu. Mista Walter ya dube shi, ya sa aka cire masa ƙugiya, ya ce a mayar da shi ruwa.

"Ei! Ɗan Kano," in ji Sa'idu da Hausa, "tambaye shi, ciwon ya taɓa kansa ne? Abinci ya zo har hannu a ce a mayar?"

Na tambaya cikin ladabi. Tsohon ya yi dariya da rabin bakinsa mai motsi, ya ce idan ya cinye shi yau, wa zai zo ya gaishe shi mako mai zuwa? Sa'idu ya saki kifin kamar ana cire masa haƙori.

A hanyar dawowa, tsohon na barci a baya, Sa'idu ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Mahaifinsa masunci ne daga Yawuri, kamun kifi ne ya kai shi Gana har ya zauna. Sa'idu yana ƙarami aka datse kogin Volta, aka zo aka ce musu ruwa zai taso, su kwashe. Suka kwashe, ruwa ya taso, ya rufe gidajen da masallacin da maƙabartar. Ya ce bayan haka duk ranar da suka fita su, akwai wani wuri a tsakiyar ruwa inda mahaifinsa ke daina tuƙi, ya ɗaga hannu ya karanta Fatiha, domin a ƙarƙashin wurin aka binne mahaifiyar Sa'idu. Babu itace, babu dutse, babu wata alama. Mahaifin dai ya san wurin. Sa'idu ya ce shi da ya girma ya nema ya rasa.

Mista Walter bai ƙara shekara biyu ba. Da ya rasu, 'yarsa ta kira Sa'idu ta ba shi mabuɗin sarƙar kwalekwalen da sandunan fatsa guda uku, ta ce wasiyyar mahaifinta ce. Daga nan Lahadi ta zama ta tafki. Ya yi sallar asuba, ya ɗauki jirgin ƙasa, ya sauka ya taka sauran da ƙafa. Wani lokaci in kai shi, idan na ga dama. Kuma mutumin da ya yi ihu don an mayar da kifi shi ne ya koma mai mayarwa, sai dai ya ɗauki ɗaya ko biyu idan doka ta ba da dama, ya kai wa Hajiya Fati, matarsa, wadda a lokacin ta iso da yara suka kama gida a unguwar Morrisania.

Akwai wata shekara da aka yi ƙarancin ruwan sama, tafkin ya ja baya sosai. Muna tafiya a gefen da ruwa ya bari sai muka ga jerin duwatsu an ɗora su bisa juna, shingen gona ne, sannan matakala uku na ƙofar wani gida, gidan kuwa babu shi. Sa'idu ya tsaya a kan matakalar. Can ya ce, "Ashe nan ma an tashi mutane." Ya cire takalmi ya zauna a kan dutsen. Na koma mota na jira shi.

Ina ganin abin da ya gani ranar nan shi ya sa ya yi abin da ya yi daga baya. Domin bayan wata biyu aka manna takarda a jikin allon da ke bakin hanya, cewa bangon dam ɗin ya tsufa, yana yoyo, hukumar yankin tana duba yiwuwar fasa shi a zubar da ruwan, rafi ya koma yadda yake. Sa'idu ba ya karanta Turanci sosai. Ya ɗauki hoton takardar a waya ya kawo mini. Da na fassara masa sai ya ce, "An kori mutane don a tara ruwan nan. Yanzu kuma a zubar? To korar da aka yi musu ta zama ta me?"

Wasu tsofaffin Turawa masu fatsa a wurin suka kafa ɗan kwamiti, suka buga takardar koke. Sa'idu ya karɓi tasa ya shigo da ita Bronx. Ya tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ya bi shagunan 'yan Nijar ɗaya bayan ɗaya, ya bi masu aski da masu sayar da waya. Ba zan ɓoye ba, dariya aka yi masa. Wani ya ce mutane na fama da haya da takardun zama, shi yana fama da gidan kifi. Wani ya ce ba zai rubuta sunansa da adireshinsa a takardar da za ta je hannun hukuma ba ko da tafkin madara ne, kuma wannan yana da gaskiyarsa. Aka laƙa masa Sarkin Ruwan Bronx. Ni ma na sa hannu, amma da na koma cikin abokai na taya su dariyar. Ya sani. Bai taɓa yi mini maganar ba.

Ranar taron jin ra'ayin jama'a na kai shi. Ɗakin taro ne na wata makaranta, da yamma bayan la'asar, mu biyu ne kaɗai baƙaƙe masu hula a ciki. Aka ba kowa minti uku. Masu ilimi suka yi magana da taswira. Da aka kira Sa'idu ya miƙe da takardar da na rubuta masa, ya karanta layi biyu ya rikice, sai ya ninke ta ya sa a aljihu. Da guntun Turancinsa ya gaya musu cewa shi an taɓa kawo masa ruwa ba a tambaye shi ba, mahaifiyarsa na ƙarƙashinsa har yau. Ya ce ya yafe wa wancan ruwan domin ya ga mutane na ci daga gare shi. Ya ce shi kwana shida yake yi yana wanke jikin iyayen wasu, rana ɗaya yake da ita, a nan yake zuwa ya ji shi ma mutum ne. Ya ce a gyara bangon. Ya zauna kafin mintinsa uku su cika.

Ba a yi tafi ba. Ba kuma zan ce maganarsa ce ta juya al'amarin ba, domin akwai lauyoyi da masu gidaje a bakin ruwa waɗanda muryarsu ta fi tasa nisa. Amma an ɗage hukuncin. Aka ce za a sake nazari. A mota yana ta murmushi, ni kuwa na san ɗagewa ba fasawa ba ce, ban dai faɗa ba.

Shekaru huɗun da suka biyo baya ya yi su ne yana yaƙi da wata ciyawa da ta shigo tafkin, mai shimfiɗa ganye a kan ruwa ta hana iska shiga, 'ya'yanta masu ƙaya kamar tsidau. Ba ta da magani sai cira da hannu. Duk bazara shi da tsofaffin kwamitin su cika kwalekwale da ita su kai tudu su zubar. Hannuwansa duk suka tsage. Ya fi cirar ciyawa a kan fatsa a waɗannan shekarun. Yana cewa idan masu nazari suka zo suka ga ruwan a mace, sun sami hujja.

Ciwon ya fara ne kamar gajiya. Kafin a gane hanta ce, ya ci ƙarfinsa. Na je duba shi a asibiti ana saura kwana tara ya cika, ya sa Hajiya ta ciro mabuɗin sarƙar daga aljihun rigarsa ya miƙo mini.

"Ɗan Kano, ba na ce ka iya fatsa ba, na san ba ka iya ba. Ka dai riƙa zuwa. Su ga akwai mai zuwa."

Na ce, "In sha Allahu, Yaya. Kai ma za ka tashi mu je tare."

Ya dube ni irin duban da babba ke yi wa ƙaninsa idan ya yi ƙaryar kirki.

Ga abin da ya sa na ce akwai nauyi a ƙirjina. Na je sau uku a shekarar farko. Sau ɗaya a ta biyu. Daga nan aikin tasi ya lalace, na koma tuƙin kai kaya, Lahadi ta zama ranar da ta fi kowace aiki. Takarda ta zo gidan Hajiya cewa izinin ajiye kwalekwalen ya ƙare, a sabunta ko a ɗauke shi. Ta ba ni. Na sa a aljihun mota na ce gobe. Da na tuna da ita, wa'adin ya wuce da wata biyar. Ma'aikatan hukuma sun yanke sarƙar sun kwashe shi tare da sauran waɗanda masu su suka mutu ko suka manta.

Da na je gaya wa Hajiya, na zaci za ta yi fushi. Sai ta ce, "Malam Nasiru, ni ban taɓa ganin ruwan nan ba, ba na kuma son gani. Rana ɗaya yake da ita a mako. Yaran nan sun girma suna ganin bayansa ranar Lahadi. Na yafe masa, Allah ya sani. Amma kada ka zo kana ba ni haƙuri a kan jirgi." Wannan ma yana cikin labarin Sa'idu, ba zan cire shi don ya rasu ba. Ya gayyaci yaran sau da yawa, suka je sau ɗaya sauro ya cije su suka ce da Turanci ba za su ƙara ba, shi kuma bai fasa zuwa ba.

To yanzu ga inda ake. Bangon ba a gyara shi ba. An rage ruwan da gangan tun shekara biyu da suka wuce don kada ya yi masa nauyi. Inda muke ɗaure jirgi yanzu laka ce busasshiya mai tsagewa, sai ka yi tafiya mai nisa a kanta kafin ka taɓa ruwa. Ciyawar ta rufe kusan duk abin da ya rage. Tsofaffin kwamitin, wanda bai mutu ba yana gidan kula da tsofaffi. Sabuwar takarda na jikin allon, wannan karon ba ta ce ana dubawa ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da yana nan, kuma amsar ba ta zo mini da sauƙi kamar yadda na so ba. Ruwan saman da ake yi yanzu ba irin na da ba ne. Mu da ke Bronx mun ga ya cika tashoshin jirgin ƙasa, ya shiga ɗakunan ƙasa inda talakawa ke kwana. A ƙasan dam ɗin nan akwai gidaje, akwai mutane a cikinsu. Na ji wata injiniya tana bayani a rediyo cewa idan bangon ya fashe da kansa ba zai yi sallama ba, kuma ban ji alamar ƙarya a muryarta ba. Sa'idu ya san abin da ruwa ke yi wa gida fiye da kowa a cikinmu. Ba na jin zai zaɓi kifi a kan mutane. Abin da nake jin zai tambaya shi ne me ya sa aka bar bangon shekara da shekaru ba a taɓa shi ba, har sai da ya zama babu zaɓi. Ba a kayar da su Sa'idu a taro ba. Jira aka yi su tsufa. Ni kuma ina cikin waɗanda suka taimaka wa jiran.

A wannan zuwan na watan jiya, ina tsaye a kan lakar, sai na hangi mutum ɗaya tak a bakin ruwan yana zaune a kan bokiti da sandar fatsa. Dattijo ne, daga maganarsa na gane mutumin Dominika ne. Ya ga hulata, ya yafito ni. Ya ce akwai wani ɗan Afirka dogo mai irin hular nan da yake zuwa da, ko na san shi? Ya ce shekarar da matarsa ta mutu ya riƙa zuwa nan ya zauna ba ya ko jefa ƙugiya. Mutumin nan ya lura da shi, wata rana ya matso da jirginsa ya yi masa alama ya shigo. Ya zagaya da shi tafkin gaba ɗaya, bai tambaye shi komai ba, ya dawo da shi ya sauke. Lahadi uku a jere yana yi masa haka. Ya ce a ta huɗu ne ya iya cin abinci ya ji ɗanɗanonsa.

"Ya koma Afirka ne?" in ji shi. "Kullum ina cewa ya koma gida ya huta."

Na so in bar shi a haka. Amma na gaya masa. Ya ajiye sandar, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Sannan ya ce abin kunya ne, bai taɓa tambayar sunansa ba. Na faɗa masa. Ya maimaita bai daidaita ba. Na sake faɗa, ya sake gwadawa, sai a karo na uku ya kama shi.

Ban san wannan labarin ba sai ranar. Hajiya ma ba ta sani ba. Shekara goma sha wani abu ina tare da mutumin nan, ina zaton tafki yake karewa, kuma idan da tafkin za a auna shi, to ya faɗi: ruwan zai tafi, kifin zai tafi, nan da 'yan shekaru mai wucewa zai ga rafi da ciyawa ya zaci haka wurin yake tun asali. Abin da ya rage daga gare shi ba ya jikin allo, ba ya cikin takardar koke. Yana wurin mutanen da ya ɗauka a jirginsa bai gaya wa kowa ba, kuma ban san adadinsu ba, ba kuma zan taɓa sani ba.

Allah ya haskaka kabarinka, Yaya Sa'idu, ya haɗa ka da mahaifiyarka a inda ba sai an nema ba. Ni kuma ka yafe mini. Ka ce in riƙa zuwa, ban zo ba.